LAMBAR TALAKA ITA CE RUMFARSA

 A wannan mako za mu ɗauko wata magana da ba a cika jin ta a dandalin siyasa ba, gama an mai da ita ta injiniyoyi da manyan ma'aikatan Abuja, ana yin ta da Turanci a ɗakuna masu sanyi. Maganar kuwa ita ce ta lamba da adireshi, watau lambar wayar da ke aljihunka, da wata lamba kuma wadda ba ka ganinta, wadda da ita ake gane wayarka a cikin intanet. Wa ke raba waɗannan lambobi? Da wace ƙa'ida ake raba su? Wa ke da ikon ƙwace su, in kuwa an ƙwace, wa za a kai wa kuka?

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da wannan, ga tsadar taki, ga 'yan bindiga sun hana noma? Muna roƙonsa ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe. Duk wanda ya taɓa neman wuri a Kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma ya san darajar rumfa. Darajarta ita ce masu ciniki sun san inda za su same ka. In aka tashe ka aka ba wani wurin, ko da kayanka suna nan cif, ciniki ya tafi. To, a yau lambar waya ita ce rumfar talaka ta biyu, ga waɗansu ma ita ce ta fari. Ra'ayinmu shi ne, tun da dukan hanyoyin sadarwa suna haɗewa su zama hanya ɗaya, tilas ne a rubuta ƙa'idar rabon lambobi da adireshi tun yanzu, a fili, da bakin waɗanda abin zai shafa. Ba a yi wa mutum aski ba ya nan.

HANYOYI SUN ZAMA ƊAYA

Dattawanmu suna tune da zamanin da kowane saƙo da tasa hanya. Wasiƙa ta bi gidan waya, da lambar akwati. Saƙon gaggawa ya bi tangaraho, ana biya kalma-kalma. Labari ya zo ta akwatin rediyo. Kuɗi kuwa sai an ɗaure su a lalita an hau mota da su, ko a tafi banki a birni. In hanya ɗaya ta lalace, sauran suna nan. Wayar magana ta manya ce da ofisoshin Gwamnati. An kafa NITEL a 1985, Katsina tana da lambar gari 065, Kano 064, amma har aka shiga shekara ta 2001 layukan da ke aiki a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba.

A 2001 aka ba kamfanoni izinin wayar salula. Kafin a ce me, mai shayi da mai kayan miya da dillalin shanu, kowa ya sami tasa lamba. Wannan alheri ne, ba mu musa ba. Amma abin da ya biyo baya shi ne abin lura. Sabon sabis ɗin nan da ake kira 4G, da ƙanensa 5G wanda aka yi gwanjon izininsa a Disamba 2021, ba su san bambancin murya da rubutu da hoto da kuɗi ba. Kome aka ba su sai su yanyanka shi ƙanana-ƙanana, su aika da kowane yanki ɗauke da adireshin inda ya fito da na inda za shi, kamar yadda ake rubuta suna da gari a jikin buhu a tasha kafin a ɗora shi a mota. Buhun da ba rubutu ba ya isa, haka nan saƙon da ba adireshi. Har wanda ke karɓar intanet daga taurarin Starlink, waɗanda suka fara aiki a ƙasar nan a Janairu 2023, wannan ƙa'ida ce ke kansa.

Sa'an nan aka zo aka rataya kome a wuyan lambar waya. A OPay da PalmPay lambar wayarka ita ce lambar asusunka, sifirin farko kaɗai aka cire. Bankinka da ita ya san ka, ta nan yake aiko maka da alat da lambar sirri. An ɗaure ta da BVN, an ɗaure ta da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Yaron da ke son shiga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ba zai yi rajistar JAMB ba sai da NIN da lambar waya. Iyayenmu mata da ke tallan atamfa da turare ta WhatsApp daga cikin gida, su ma a kan lambar suke tsaye. Mabuɗi biyar ya zama ɗaya. Ran da ya ɓace, ƙofa biyar ce ta rufe.

ABIN DA MUKA GANI DA IDONMU

Mutanen Dutsin-Ma da Kurfi ba su bukatar a ba su labarin wannan. A watan Satumba 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, Dutsin-Ma da Kurfi suna ciki, tare da Safana da Batsari da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Jibiya da sauransu. An ce don a toshe wa 'yan bindiga da masu kai musu rahoto hanya ne. Mun san wutar da ake ciki a lokacin, ba mu kuwa ce Gwamnati ta naɗe hannu ta zuba ido ba. Amma mu duba abin da aka kashe ran nan. Da a 1995 ne, da wayar 'yan ofisoshi kaɗan aka kashe. A 2021 kuwa da umarni guda aka kashe waya da banki da gidan waya da rabin kasuwa. Mai POS ya rufe. Mai hatsi ba ya jin farashin gero a Dawanau. Ɗalibi ba ya samun kuɗin abinci daga gida. Ƙauyen da aka kawo wa hari ba shi da hanyar kiran taimako. Sai mutum ya biya kuɗin mota ya fita yankin, wani har Katsina, don ya yi maganar minti 2. Sai a Disamba aka fara maido da sabis. Wata 3 ke nan, ba mu kuwa ga wanda ya zo ya biya ɗan kasuwa ko kwabo na hasararsa ba.

Ga kuma haɗa layi da NIN. An ba da umarnin a Disamba 2020. A Afrilu 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 70 yin kira. A ƙarshen Yuli 2024 aka sake toshe waɗansu, jama'a suka yi dafifi a ofisoshin kamfanoni, har hukumar sadarwa ta NCC ta ce a buɗe, aka ja wa'adin ƙarshe zuwa Satumba. Ba mu ƙi a san mai kowane layi ba, gama mu ne ake kira a nemi kuɗin fansa. Amma wa ya sha rana a bakin ofis? Tsohuwar da ta taso daga Birchi ko Karofi, an rubuta ta Hauwa'u a wannan takarda, Kulu a waccan. Dattijon da yake Muhammadu a banki, Mamman a kan layi. Wanda ya tsara abin a Abuja bai san a ƙasar Hausa mutum ɗaya yana amsa suna uku ba, domin bai tambaya ba.

A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, tsabar kuɗi ta ɓace, har mai ƙosai ta koma karɓar taransifa. Ran nan kowa ya gane cewa wanda ba shi da lamba mai aiki, ko da dukiya gare shi, ba zai sayi mudun masara ba.

Akwai kuma wata hasara da ke tafe a ɓoye. Ƙa'idar NCC ta 2024 ta ce layin da ya yi wata 6 ba a yi amfani da shi ba a dakatar da shi, in ya ƙara wata 6 ana iya sayar da lambar ga wani. Lalle lambobi suna da iyaka, ba za a bar su kwance har abada ba. Amma su wa ke barin layi shekara guda? Wanda aka sace aka riƙe a daji. Wanda aka kora daga ƙauyensa, waya ta salwanta a gudu. Ɗan ci-rani da ya ƙetare iyaka. Mai doguwar jinya. Mamacin da magada ba su raba gadonsa ba tukuna. In aka sayar da lambar alhali tana ɗaure da asusu, alat da lambar sirri sai su riƙa zuwa hannun baƙo. Rumfa ke nan aka sayar da kayan mai ita a ciki.

RABON DA AKA YI BA MU NAN

Yanzu mu zo ga lamba ta biyu, wadda ido ba ya gani. Kowace waya ko kwamfuta ko na'urar POS da ta shiga intanet sai an ba ta adireshi. Tsohon tsarin adireshin, wanda masana ke kira IPv4, a Amurka aka rubuta shi a 1981, aka koma kansa sosai a 1983. Abin da yake iya bayarwa duka-duka adireshi biliyan 4 ne da kusan miliyan 300. A lokacin an ga kamar ba za su taɓa ƙarewa ba, sai aka yi ta rabo da babban ludayi. Kamfanin motoci na Ford shi kaɗai ya sami adireshi 16,777,216, kamfanin Apple ma haka, kowannensu ya ninka abin da aka rubuta wa Nijeriya duka. Ma'aikatar tsaron Amurka ta sami fiye da miliyan 200. Afirka kuwa, mai mutum fiye da biliyan 1 da miliyan 400, abin da ya shigo hannun hukumarta bai wuce wajen miliyan 120 ba. Watau ma'aikata guda a Amurka ta fi nahiyarmu baki ɗaya. In an raba bisa kawuna, Ba'amurke ɗaya ya tashi da adireshi 4 ko fiye, mu kuwa mutum 10 ba su cika samun ɗaya ba. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, amma wannan bai zama dalilin da za mu ƙara barci ba.

Ran 3 ga Fabrairu 2011 babban rumbun duniya ya ƙare, aka miƙa wa hukumomin yankuna 5 kasonsu na ƙarshe. Abin da ya yi ƙaranci kuwa sai ya zama haja. A wannan shekara Microsoft ya sayi adireshi 666,624 daga kamfanin Nortel da ya karye, a kan dala miliyan 7 da rabi, watau dala 11 da 'yan kai kowane ɗaya. Bayan shekara 10 farashin ya kai wajen dala 50. Daga Fabrairu 2024 kamfanin Amazon ya soma karɓar kuɗin haya a kan kowane tsohon adireshi daga masu ajiye aikinsu a na'urorinsa. To, kamfanin da ya sayi abu da dala, a wuyan wa zai ɗora kuɗin in ba mai sayen kati da data ba?

Da yake adireshin ba su isa, dabarar da kamfanonin waya ke yi ita ce su tara mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya. Kamar a ce unguwa guda zaure ɗaya gare ta, duk mai fita ta nan zai fita. Dabarar tana aiki, amma da illa. In macuci ɗaya ya yi zamba ta wannan zaure, sai wani kamfani a waje ya rufe wa unguwar duka ƙofa, mai gaskiya ya rasa dalilin da aka ƙi shi. Mai binciken laifi shi ma in ya biyo sawu sai ya tarar da zaure cike da mutane. Wanda kuma ke son ya kafa nasa ɗan aiki a intanet, a riƙa samunsa kai tsaye daga waje, ba shi da ƙofar kansa. Ta haka muka zama masu shiga kasuwar waɗansu kullum, ba mu da rumfa a ciki.

WA KE TSARON RUMBUNMU?

Ɗan rabon da Afirka ta samu yana hannun wata hukuma mai suna AFRINIC, mazauninta tsibirin Morishas a tekun Indiya. An amince da ita a 2005, ita ce auta cikin hukumomin nan 5. Ba ta wata Gwamnati ba ce, ƙungiya ce ta kamfanonin sadarwa da jami'o'i da makamantansu. Da yake ita ce ta ƙarshe da ke da sauran tsofaffin adireshi a rumbu, sai idon dillalan duniya ya dawo kanta. A 2019 aka fallasa cewa an karkatar da adireshi wajen miliyan 4 ta hanyar sauya rubutu a littafin rajista, da hannun na ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bayan wannan rigima ta tashi tsakaninta da wani kamfani mai suna Cloud Innovation, mai rajista a tsibiran Seshel, wanda aka ba adireshi fiye da miliyan 6. Hukumar ta zarge shi da ba da hayarsu a wajen Afirka saɓanin yarjejeniya, shi kuwa ya ce bai karya wata ƙa'ida ba, ya garzaya kotu. A Yuli 2021 kotun Morishas ta rufe asusun bankin hukumar na wani lokaci. Daga 2022 ta rasa cikakkiyar majalisar gudanarwa. A Satumba 2023 kotu ta naɗa mata mai riƙo. An yi zaɓe a Yuni 2025 aka soke, sai a Satumba 2025 aka zaɓi sababbin shugabanni. Shekara 3 ke nan rumbun nahiya guda ba mai gida. Mu ba alƙalai ba ne, shari'a ta kotu ce. Tambayarmu ita ce, a cikin shekarun nan, wakilai nawa daga cikin waɗanda muka aika Majalisa suka tashi suka tambayi halin da rabon Nijeriya ke ciki? Ku tambayi naku in ya zo gaisuwar Salla, ko ya taɓa jin sunan AFRINIC.

SABUWAR KASUWA MAI FILI

Abin takaici, magani yana nan tun tuni. Akwai sabon tsarin adireshi mai suna IPv6, an fitar da ƙa'idarsa a 1998, manyan kamfanonin duniya kuma suka kunna shi gaba ɗaya ran 6 ga Yuni 2012. In kana son ka san yawan adireshin da ke cikinsa, rubuta 340 ka jera mata sifiri 36. Kowane gida a Wurma da Rawayau, kowane shago a Makera, kowane injin ban-ruwa a bakin madatsar Zobe, duk za su iya samun nasu, ba a kuwa taɓa kome a rumbun ba. Ba sai an saya a hannun dillali ba.

Indiya ƙasa ce mai talakawa kamarmu, ita ma an yi mata ƙwauro a tsohon rabo. Da kamfanin Jio ya fara aiki a 2016 sai ya gina hanyarsa bisa sabon tsari, cikin 'yan shekaru wajen kashi 70 cikin 100 na masu shiga intanet a can suka koma kansa. Ƙasar Sin ta fitar da tsarinta na ƙasa a 2017. Amurka da kanta, wadda ta fi kowa tsofaffin adireshi, a 2020 ta umarci ma'aikatunta su koma sabo, ta sa musu wa'adi. Mu kuwa har ƙarshen 2024 ba mu kai kashi 10 cikin 100 ba. Dalili a fili yake. Tsohon tsari da sabo ba su jin harshen juna kai tsaye, sai an sake waɗansu na'urori, an koya wa ma'aikata. Kamfanin da dabarar zaure ɗaya ke isarsa ba ya gaggawa. In ba a sa rana ba, ba za a tashi ba.

Amma kada a ɗauka muna cewa a ruga ido rufe. Muna jan kunne a kan abu biyu. Na fari, ƙaramar waya mai madannai. A ƙarshen 2024 wajen layi 4 cikin 10 a ƙasar nan a kan tsohon sabis na 2G suke, da shi talaka ke danna tauraro da lambobi ya aika da kuɗi. Manyan kamfanonin Amurka sun kashe 3G ɗinsu a 2022, wata rana namu za su so su yi haka, gama riƙe hanya huɗu ya fi riƙe ɗaya tsada. In aka yi ba shiri, miliyoyin mutane za su wayi gari da waya a hannu ba ta magana. Na biyu, sirri. In kowane abu yana da nasa adireshi, bin sawun mai laifi zai yi sauƙi, bin sawun mai faɗin gaskiya ma haka. Wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka hannu. Mun ga yadda aka toshe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Wanda ke riƙe da hanya yana iya rufe ta, yana iya leƙen mai bin ta.

ABIN DA MUKE NEMA

Dokar Sadarwa ta 2003, a sashe na 128, ta danƙa wa NCC tsarawa da rabon lambobi da adireshin sadarwa a Nijeriya, ta kuma wajabta mata jin bakin jama'a kafin ta kafa ƙa'ida. Mun san in hukumar ta so tana iyawa. A 2013 ta ba mutum dama ya sake kamfani bai rasa lambarsa ba. A 2023 ta daidaita gajerun lambobi, 310 ta zama ta duba kuɗi, 311 ta sa kati, ko wane layi kake riƙe da shi. Wannan aiki ne na kirki, mun yaba. Amma jin bakin jama'ar da aka yi a otal da Turanci, jama'a ba su ji an yi ba, bai cika sunansa ba. Saboda haka ga bukatunmu:

1. A rubuta tsarin ƙasa na komawa sabon adireshi, da ranar wa'adi. Kada a ba da sabon izini, kada ma'aikatar Gwamnati ta sayi na'ura, sai mai aiki da shi. Kowace shekara a buga inda aka kai, jiha-jiha.

2. Duk ƙa'idar da za ta taɓa lamba ko adireshi, a fassara ta da Hausa, a karanta a rediyo, a zo Katsina da Funtuwa da Daura da Dutsin-Ma a saurari jama'a. A ba ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu POS da masu gyaran waya kujera, mata a ciki.

3. Lamba amana ce. Kada a sayar da ita sai an sanar da mai ita ta wata hanya dabam, an kuma kwance ta daga banki da BVN da NIN. A yi wa 'yan gudun hijira da waɗanda aka sace da magada hanya mai sauƙi ta riƙe lamba ko karɓo ta.

4. In tsaro ya tilasta a katse sabis, a yi da umarni rubutacce, a faɗi yanki da iyakar kwanaki, Majalisa ta duba kafin a ƙara. Masana su nemo yadda lambar gaggawa ta 112 za ta zauna tana aiki. A mayar wa mutane datar da ta ƙone, kada kuma a lissafa kwanakin nan cikin wata 6 ɗin da ke sa a dakatar da layi.

5. Kada a kashe tsohon sabis a wata ƙaramar hukuma sai sabo ya kai ƙauyukanta, an kuma ba da sanarwa mai tsawo, waya mai araha ta samu.

6. Kada a ba kowa, kome girmansa, bayanin wanda ke riƙe da wata lamba ko adireshi sai da takardar alƙali. An sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a 2023, a yi aiki da ita a kan hukuma kamar yadda ake yi a kan kamfani.

7. Nijeriya ta riƙa halartar shawarwarin AFRINIC da ƙarfinta, ana kawo wa Majalisa rahoto. Ba muna cewa Gwamnatoci su ƙwace rumbun ba, gama wanda ke iya kashe sabis bai kamata a ƙara masa mabuɗin rumbu ba. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita su koya wa 'ya'yanmu wannan aiki, don mu sami masu magana da yawunmu. A kuma ƙarfafa mahaɗar intanet da ke Kano, domin saƙon da ya tashi daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma ba shi da dalilin zagayawa ta Ikko, balle Landan.

NAMU AIKIN

'Yan'uwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai faɗa ba ba mai hawa ya gyara. Kowa ya tabbata layinsa da sunansa yake, ba da na ɗan maƙwabci ba. Kada ka bar layin da ke ɗaure da asusunka ya kwanta, ko kira ɗaya ne ka riƙa yi. In ya ɓace, ka tafi banki a kwance shi tun da wuri. Kada ka faɗa wa kowa lambar sirrin da aka aiko maka, ko ya rantse daga banki yake. In kamfani ya ƙi sauraronka, NCC tana da lambar kai ƙara, 622, kyauta ce.

Muna kira ga sakatarorin rassa da shugabannin 'yan kasuwa su buɗe littafi. Duk wanda aka toshe wa layi, ko aka sayar da lambarsa, ko ya yi hasara a watannin nan 3 na 2021, a rubuta abin da ya same shi, da yardarsa. Kuka in ya tashi ɗaya-ɗaya iska ke kwashe shi, in aka tara shi a takarda ya zama hujja. Duk mai neman ƙuri'a kuma da ya tsaya gabanku, bayan kun tambaye shi tsaro da taki da ruwan sha, ku tambaye shi ina ya tsaya a kan waɗannan bukatu 7. In ya ce maganar masana ce, ku ce masa rabon rumfa ma da ma'auni ake yi, amma ba a taɓa hana ɗan kasuwa tsayawa a wurin awo ba.

An yi rabon fari ba mu nan, mun ga abin da ya haifar. Ana shirin na biyu muna raye, muna gani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya mai da waɗanda aka kora gidajensu, ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.